Hannu a Kafaɗar Tofayel

Jirgin Tara Banu, tashar Kolombo
Watan Srabon

Zuwa ga yayata Hosne Ara,

Assalamu alaikum, Bubu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yata Tuni da duk mutanenmu na Sandwip. Ni dai ga ni nan, da sauran numfashi.

Na san kin riga kin shanya tabarmata kin jiƙa busasshen kifi. To ki naɗe tabarmar, kifin kuma ku cinye abinku, ba wannan watan zan dawo ba. Wa'adina ya cika tun kafin damina. Ejan kamfani ya ce wanda zai canje ni yana Chittagong, muka je aka ce yana Kolombo, mun zo Kolombo an ce ai yana Chittagong. Ina jin mutumin nan ya fi mu yawo a teku.

Kin tambaye ni wane irin aiki ne yake hana mutum rubuta wa yayarsa wasiƙa. Bari in gaya miki, ko kya rage zagina. A can ƙasan jirgi akwai wani dogon lungu da muke kira rami. Ta cikinsa sandar ƙarfen da ke juya farfela ta bi har gindin jirgi, mutum ba ya miƙewa sosai a ciki. Sandar tana kwance a kan boris a jere, kowanne da kofin mansa. Jirginmu ya tsufa, boris ɗinsa shan mai suke ba ƙoshi, dole wani ya riƙa kai da kawowa da butar mai yana taɓa su da bayan hannu. In ɗaya ya yi zafi ya kama, jirgi ya tsaya cik a tsakiyar ruwa.

Aikin mutum shida ne, mu uku muke yi: ni, da Tofayel mijin maƙwabciyarki Moyna, da wani Belal. Shekaranjiya bel ɗin famfo ya cinye wa Belal yatsu, an sauke shi a nan. Babban injiniya ya ce ni in riƙe babban inji, Tofayel ya riƙe rami kafin a kawo mutum. Tofayel ya ce, "Yallaɓai, wa zai karɓe ni?" Ya ce, "Kai dai shiga, za a zo."

Kin san dokarmu tun daga Baba. Mutum ba ya barin tsayuwarsa sai mai karɓarsa ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Na karɓe ka, je ka huta." Kin tuna yadda Baba bayan ya bar teku ko gadin shanyar shinkafa yake ba ya tashi sai ɗayanmu ya je ya dafa shi? Ke ce mai ɓoyewa bayan rumbu kina dariya, kina barinsa a rana da gangan. To Tofayel ya fi Baba taurin kai a kan wannan. Ga shi da tari, kullum yana shafa man mastad da tafarnuwar da Moyna ta haɗa masa, duk ramin ya ɗauki warin. Kada ki gaya mata zancen tarin.

Ki ja mini kunnen Tuni a kan karatu, amma a hankali. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Nurul Absar


Sandwip
Watan Bhadro

Zuwa ga ƙanena Absar, wanda ya manta hanyar gidansu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kogi ya sake cin gonar mutanen gabas, saura ƙiris ya gaisa da kwakwarmu. Tuni ta zubar da haƙoran gaba, ta ce kada in gaya maka, so take ka zo ka gani da idonka. Kifin kuwa mun cinye, ba mu rage maka ko ƙaya ba.

Yanzu ka aje wasa ka saurare ni. Ran Laraba wani mai laima da takalmi sau-ciki ya sauko daga kwalekwalen Chittagong yana tambayar gidan Tofayel. Ko tabarma bai yarda ya zauna ba. Daga tsaye ya gaya wa Moyna wai mijinta ya gudu daga jirgi a Kolombo, kamfani ba ruwansa da shi. Ya juya yana tsallake taɓo kamar taɓon zai cije shi.

Tofayel ya gudu? Mutumin da in ka ce ya riƙe maka akuya ka manta, sai ka dawo gobe ka same shi da igiya a hannu? Ko yaran unguwa ba su yarda ba. Amma ka san bakin mata a bakin tafki. Har an fara cewa wata ce ta riƙe shi a can, Moyna ta daina zuwa ɗiban ruwa sai da rana tsaka lokacin da ba kowa.

Wasiƙarka daga Kolombo ka rubuto ta, ka ce yana rami yana tari. Mai tari a rami da wace ƙafa ya gudu? Ni na goye ka, Absar, na san lokacin da kake haɗiye magana. Ka rubuto mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Allah ya tsare ka a kan ruwa.

Yayarka,
Hosne Ara


Tashar Rangun
Watan Kartik

Bubu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ki da Tuni. Wannan wasiƙar ba ta hannun ejan na aiko ta ba, wani ɗan garinmu ne da zai sauka na ba shi. Ki karanta ke kaɗai tukuna.

Tofayel bai gudu ba. Ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan mun bar Kolombo ba a kawo kowa ba. Yana ramin nan ba dare ba rana, barcinsa na tsugune ne tsakanin zagaye da zagaye, ni kuma inji ya riƙe ni, ko leƙa shi ba na samu. Kawu Kala Miya, tsohon kukunmu da ya yi tafiya da Baba, shi ke kai masa abinci. Wata rana ya kai masa shinkafar rana ya same shi ya jingina da bango, butar mai a hannu, idonsa a buɗe yana kallon bakin ramin, wato inda mai karɓarsa zai ɓullo.

Kyaftin ya ce in aka rubuta mutuwa za a tsare jirgi a tasha ana bincike, kaya su makara. Sai aka rubuta gudu. Aka ce duk wanda ya buɗe baki ya gama hawa jirgi a rayuwarsa. Muka yi masa wanka, muka naɗe shi a tamfol, Kawu ya ja mu salla, bayan la'asar muka sauke shi. Mun yi masa komai, Bubu, sai abu ɗaya. Ruwa ya gama rufewa a kansa Kawu ya kama hannuna ya ce, "Absar, wa ya dafa shi?" Ashe ba kowa.

Injiniya ya ce in riƙa leƙa ramin in na samu sarari. Washegari da azahar na shiga da gudu, don na san boris sun daɗe ba mai. Na taɓa na farko, sanyi ƙalau. Kofinsa cike. Na biyu haka, har ƙarshen rami. Na ce injiniya ne ya taimaka. Da na yi masa godiya sai ya ce shi ma yanzu yake shirin yaba mini.

Kin san Tofayel bahago ne. Ni a dama nake rataye butar. Duk sanda na dawo sai in same ta a ƙusar hagu, mariƙinta da ɗumi. Warin man mastad da tafarnuwa kuwa, maimakon ya gushe, kullum sabo yake, alhali kwalbar man tare da shi muka sauke ta.

Ba wanda yake zancen a jirgi. In an zo wucewa ta bakin rami sai a yi sallama a ƙara sauri. Injiniya ya daina tambaya, cewa yake tsohuwar sandar nan ta shiryu da kanta. Abin da ya fi damuna kuma shi ne na ji daɗi. Na kwanta na yi barci har da munshari, irin wanda rabona da shi tun Chittagong, na tashi ina jin kunyar kaina. Mamaci yana yi mini aiki ni ina barci.

Ki san yadda za ki gaya wa Moyna. Ki ce mata an yi masa salla, kuma ba wata mace a ko'ina.

Ƙaninki,
Absar


Sandwip
Watan Ogrohayon

Absar,

Salamun alaika. Muna lafiya, an fara yankan shinkafa. Ba ni da bakin doguwar gaisuwa yau.

Na je wurin Moyna na gaya mata. Na shirya riƙe ta in ta faɗi, amma ko hawaye ba ta yi ba. Tsintar shinkafa take, ta ci gaba da abinta, ta ce, "Na sani, Bubu. Shi ya sa ba ya zama."

Na ce wa ke nan?

Ta ce tun watan Bhadro yake zuwa. Da azahar, sanda gari ya yi tsit, kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Sai ta ɗaga kai ta gan shi a bakin ƙofa cikin kayan aikinsa, duk baƙin mai. Ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Shigo ka zauna mana." Ba ya shiga, ba ya magana. Sai dai ya ɗan juya ya miƙo mata kafaɗa. Ta sha kai hannu, ba ta taɓa komai. Ta ce, "Ni ba ma'aikaciyar jirgi ba ce, nawa hannun ba ya karɓuwa. Ki rubuta wa Absar ya dafa mini shi, ya gaji."

Na ce ba zan rubuta ba, a gabanta na faɗa. Kai ma ka ji da kyau. Ba banza Baba yake cewa a kula da kalmar nan ba. Wanda ya ce "na karɓe ka" ya ɗauki tsayuwar ke nan, kuma shi ma ba shi da tashi sai an zo an karɓe shi. To kai wa zai karɓe ka? Kamfanin da ya kasa aiko mai canjinka tun kafin damina?

Ina tausayin Tofayel, Allah ya sani. Amma shi ya riga ya tafi, kai kana da Tuni, kuma yarinyar nan ta binne uwa, ba za ta jira uba a bakin ƙofa ba. Ka kira ni marar imani, na yarda. Tsoro nake ji, Absar, irin wanda ban ji ba ko ranar da guguwa ta ɗauke mana rufi. Ka yi masa addu'a, ka yi masa sadaka, amma hannunka ya zauna a aljihunka. In mutum ya zo daga kamfani, shi ya dafa.

Na ga Moyna ta nufi gidan malamin makaranta da takarda a hannu. In wata wasiƙa ta zo maka daga gare ta, kada ka buɗe. Wannan umarni ne, ba roƙo ba.

Yayarka da ba ta da wani sai kai,
Hosne Ara


A kan ruwa, mun nufo Chittagong
Watan Poush

Bubu,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki, na gaishe da mai giɓi. Wasiƙarki da ta Moyna a ƙunshi ɗaya suka zo. Tata ce siririya, ita na fara buɗewa, kafin in san an hana ni. Layi ɗaya ne a ciki: "Ɗan'uwa, ka bar shi ya zauna." Ki yi mini faɗan in na zo.

Na bi maganarki iya iyawata. Amma akwai abin da ba ki sani ba. Ashe mamaci ma yana gajiya. Da, kofunan cike nake samunsu tsaf. Yanzu sai in ga mai ya zube a ƙasa, kamar hannun mai zubawa yana rawa. Wani lokaci a tsallake boris ɗaya. Ran Juma'a boris na ƙarshe ya yi zafi har ya fara hayaƙi, da ƙyar muka cece shi, ga teku ta tashi. Da ya kama a ranar, da ba mai rubuto miki wannan. Tarin ma ya dawo. Ana jin sa ta bututun magana har ɗakin inji, da rana tsaka, kowa yana ji kowa yana yi kamar bai ji ba.

Jiya na gan shi. Yana can ƙarshen rami ya ba ni baya, ya dafa bango da hannu ɗaya, butar tana lilo a ɗayan. Na ce, "Tofayel, sannu da aiki." Bai waiwayo ba. Kafaɗar kawai ya ɗan sauke ta wajena. Ban ji tsoro ba, Bubu, tausayi ne ya kama ni. Ranar da labarin rasuwar uwar Tuni ya same ni a jirgi, mutumin nan ne ya dafa ni ya haɗa tsayuwata da tasa, ni ina kwance ina kallon bango. Ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba.

Ki kwantar da hankalinki, ban haukace ba, da lissafina. Waya ta zo daga ofis, kyaftin da kansa ya karanta mana: sabon mutum yana jira a Chittagong, wannan karon har da sunansa. Gobe da azahar zan shiga in karɓi Tofayel. Jibi mu isa, sabon ya hau ya karɓe ni, ni kuma in hau kwalekwalen Sandwip. Tsayuwar yini ɗaya ce da kwana, na yi wadda ta fi ta. In na bar wa baƙo, bai san Tofayel ba, ƙila ma irin yaran yanzu ne da ke cewa dafa kafaɗa ƙauyanci ne.

Wataƙila ma in riga wasiƙar nan isowa. Ki sake jiƙa kifin, ki zuba barkono kamar kina fushi da ni, tunda dama kina yi.

Ƙaninki mai kunnen ƙashi,
Absar


Jirgin Tara Banu
Watan Magh

Zuwa ga 'yata Hosne Ara, 'yar marigayi abokin tafiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ni ne Kala Miya, kukun jirgin da ƙaninki yake. Ba ki san ni ba, amma na ci gishiri da mahaifinku shekaru masu yawa. Absar bai sa ni rubutu ba, ni na ga ya kamata.

Ya shiga ya karɓi Tofayel kamar yadda ya ce. Ina bakin rami na ji muryarsa yana faɗin kalmar. Tun daga lokacin tarin ya ɗauke, warin man nan ya bar jirgi.

Da muka iso ba a shigar da mu tasha ba, a waje aka tsayar da mu, ƙananan jirage suka kwashe kaya. Kwalekwalen ejan ya zo da buhunan shinkafa da gangunan mai, ba mutum. Na tambaye shi ina sabon. Ya ce ofis ya duba ya ga rami ya yi watanni ba kowa a ciki kuma ba abin da ya lalace, don haka an soke gurbin. Shi kuma Absar ya ƙara haƙuri zuwa tafiya ta gaba. A ranar muka ɗaga, muna jin ƙamshin lakar gida a iska.

Yanzu ƙaramin injiniya ne ke fama da babban inji, don Absar ba ya fitowa daga rami. An yi masa tsawa, an lallashe shi, cewa yake ba a karɓe shi ba. Ban ga yana barci ba. Ni tsoho ne, na ci zamanina, sai na ce bari in dafa shi kowa ya huta. Da ya ga hannuna ya taho sai ya manna bayansa da bango, ya ce, "A'a, Kawu. Kai wa zai karɓe ka?" Tun ranar, in ya ji tafiyar mutum sai ya juya kafaɗarsa ga ƙarfe. Ba ya bari kowa ya matso.

Boris dai sanyi ƙalau, injiniya yana ta yabo. Ku yi masa addu'a. Ki gafarta mini da ban riga shi shiga ba.

Naki a madadin uba,
Kala Miya


Sandwip
Watan Falgun

Kawu Kala Miya,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, Allah ya saka da alheri.

Moyna ta ce Tofayel ya zo sau ɗaya a watan Poush, ya shiga ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, bai sake zuwa ba. Ta fara takaba.

Jiya da azahar ina tankaɗe a bayan ɗaki Tuni ta zo da gudu tana murna. Ta ce Abbanta yana bakin ƙofa, ta nuna masa haƙoranta, ta shimfiɗa masa tabarma, amma ya ƙi zama.

Kawu, don girman Allah ka rubuto mini gaskiya. Abincin da kake kai masa ramin nan, yana ci?

'Yarka,
Hosne Ara